Malamin Daji da Amanar da Ke Hannunsa

A ƙauyuka da yawa na ƙasarmu, da zarar an ji ƙarar babur ɗin malamin daji sai a shiga ɓoye gatari. Mai ƙona gawayi ya bi ta bayan gari, matar da ta ɗauko itace daga jeji ta sake hanya. In ya tafi, kowa ya koma abin da yake yi. Shekara da shekaru ke nan ana wannan ɓuya, daji kuwa sai ƙarewa yake yi. Ɗorawa da kaɗanyar da iyayenmu suka bar mana suna raguwa, rafuka suna ƙafewa da wuri, mata kuma suna ƙara nisa wajen neman itacen girki.

Tsoron ma'aikaci bai hana daji ƙarewa ba. Abin da ke tsare daji shi ne yarda tsakanin ma'aikacin da mutanen da ke zaune kusa da dajin. Yarda kuwa ba ta samuwa sai kowa ya san ƙa'idar da ake bi. Aikin gandun daji yana da ƙa'idojinsa, kamar yadda aikin asibiti da aikin koyarwa suke da nasu. A wannan fitowa za mu duba waɗannan ƙa'idoji, domin mu san abin da ya kamata mu nema daga wurin malamin daji, mu kuma san abin da ya wajaba a kanmu.

Wane ne malamin daji?

A Najeriya, yawancin dazuzzukan da aka keɓe, wato gandun daji, suna hannun gwamnatocin jihohi, wasu kuma na ƙananan hukumomi ne. Manyan wuraren adana namun daji irin su Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa, suna ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Ma'aikatan kuma hawa-hawa ne. Akwai masu gadi da ke sintiri cikin daji. Akwai malaman da suka yi karatun difloma a makarantu irin su Kwalejin Koyon Aikin Gandun Daji ta Tarayya da ke Jos. Akwai kuma manyan jami'ai masu digiri da ke tsara aiki a ofis. Mu a ƙauye dukansu malamin daji muke ce musu.

Aikinsu ya haɗa da renon dashe, da tsare iyakar gandu, da ƙidaya itatuwa da auna su, da ba da takardar izinin sara, da karɓar kuɗin gwamnati, da hana gobarar daji, da koya wa manoma yadda za su kula da itatuwan gonakinsu.

Abubuwa uku ne suka sa wannan aiki yake bukatar mutum mai riƙon amana ƙwarai. Na farko, malamin daji yana aiki ne can cikin jeji inda shugabansa ba ya ganinsa. Na biyu, kayan da yake tsaro suna da tsada, albashinsa kuwa kaɗan ne. Na uku, ɓarnar da aka yi a daji ba ta gyaruwa da wuri. Injin yanka katako yana kā da maɗaci cikin 'yan mintoci, amma kafin wani maɗacin ya kai girmansa, yaron da aka haifa ranar ya yi furfura.

Saboda haka ne masu wannan sana'a a ƙasashe da dama suka rubuta wa kansu ƙa'idojin aiki. Ƙungiyar ma'aikatan gandun daji ta Amurka, wadda aka kafa a 1900, ta amince da nata tun 1948, ta kuma sabunta su a 2000. Dajinsu daban ne da namu, amma abin da ake nema daga ma'aikaci ɗaya ne a ko'ina. Ga manyan ƙa'idoji guda shida.

1. Ya tuna da waɗanda ba a haifa ba tukuna

Kaɗanya takan yi shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Wadda muke cin man ta yau, ba mu muka rene ta ba. Don haka duk lokacin da aka kawo wa malamin daji takarda ya sa hannu, akwai mutanen da abin ya shafa amma ba sa wurin, wato jikokinmu. Shi ne wakilinsu.

A aikace, wannan yana nufin ba zai yarda a sare fiye da abin da dajin zai iya mayarwa ba. Zai bar manyan itatuwa masu lafiya su zuba iri. Ba zai ba da izinin sare bishiyar da ba ta kai kaurin da doka ta yanka ba. Zai hana sara a bakin rafi da kan gangaren dutse, domin saiwoyin nan su ne ke riƙe ƙasa, in babu su ruwan sama ya kwashe ta, zaizaya ta ci gonakin da ke ƙasa.

2. Sa hannunsa da hatiminsa su zama gaskiya

A jihohi da yawa, gungumen da aka sare bisa izini akan buga masa hatimi da wata guduma ta musamman. Hatimin nan shaida ne cewa ma'aikaci ya je, ya gani, ya auna. Wanda ya sa hannu a takardar da bai ga kayanta ba, ko ya ba ɗan katako aron gudumar, ko ya rubuta bishiya biyar alhali ashirin aka sare, ya yi shaidar zur ne da sunan gwamnati.

Labarin madobiya ya isa ya nuna mana nauyin wannan magana. Madobiya bishiya ce da muka sani. Takan yi fure rawaya da rani, makiyaya suna ciyar da shanu da ganyenta lokacin da ciyawa ta ƙare, tana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. 'Yan katako suna kiranta Madrid. A ƙasar Sin ana yin kujeru da gadaje masu tsada da ita. Daga wajen 2014 masu saye suka dirar wa Najeriya, aka bi dazuzzukan jihohi irin su Kogi da Taraba da Adamawa ana sara, manyan motoci suna kwasa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas.

A 2016 ƙasashen duniya suka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. Bisa wannan doka, ba za a fitar da ita waje ba sai hukuma ta tabbatar da abu biyu: an sare ta bisa doka, kuma fitar da ita ba zai ƙarar da irinta ba. A Nuwamban 2017 wata ƙungiya mai binciken laifuffukan muhalli, wadda ake kira EIA, ta yi zargin cewa an ba da takardun izini kusan 4,000 bayan katakon ya riga ya bar ƙasar, aka wanke gumagumai fiye da miliyan 1.4 da aka tsare a tashoshin ƙasar Sin. Hukumomin da abin ya shafa sun musanta zargin. Duk da haka, a 2018 hukumar CITES ta sa aka dakatar da sayen madobiya daga Najeriya, domin ba a kawo gamsasshiyar shaidar cewa cinikin ba ya cutar da bishiyar ba.

Mu lura da wani abu. Kowane gungume daga cikin waɗannan ya wuce ta gaban mutane da yawa kafin ya kai teku: mai ba da izini, mai shingen hanya, mai karɓar haraji. Matasan ƙauye da suka yi dakon sun sami kuɗin 'yan watanni, wasu sun sami rauni ko sun rasa ransu a aikin. Babbar ribar ta tafi wani wuri, kututture ne ya rage mana.

Gaskiyar takarda ta shafi rahoton dashe ma. Idan an raba dashe dubu goma, ma'aikacin kirki zai koma bayan rani ya ƙidaya nawa suka rayu, ya rubuta wannan adadin ko da bai yi daɗin ji ba. Rahoton ƙarya yana sa a maimaita kuskure ɗaya kowace damina.

3. Kada ya haɗa aljihunsa da aikinsa

Kuɗin izini da na tara suna da adadin da gwamnati ta yanka a rubuce, kuma kowane kobo da aka karɓa sai an ba da rasit na gwamnati. Kuɗin da aka karɓa a bakin hanya ba rasit, ko an kira shi na goro ko na mai, cin hanci ne. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ma'aikacin da ya karɓi buhun gawayi yau, gobe ba shi da bakin hana mai gawayin.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan ɓoyuwa. Bai kamata malamin daji ya mallaki injin yanka katako a yankin da yake tsaro ba, ko ya sa a sunan matarsa ko ƙanensa. Bai kamata ya yi tarayya da dillalin gawayi ba. A wuraren da ake ba manoma fili cikin gandu su yi noma suna renon dashen gwamnati, bai kamata ya raba wa danginsa wuri mai kyau ya bar wa saura tsakuwa ba. Idan maganar da ke gabansa ta shafi ɗan'uwansa ko surukinsa, daidai ne ya sanar da shugabansa, a ba wani ya duba.

4. Doka ɗaya ga kowa

Wannan ne abin da ya fi ci wa mutanen ƙauye rai. A kama gwauruwa da damin busasshen itace a ƙwace mata gatari, can kuma tirela cike da gumagumai ta wuce ana ɗaga mata hannu. A hukunta makiyayi don ya sassabe reshe, a ƙyale babban mutum ya share kadada hamsin cikin gandu. Ko kuwa a sassauta wa mutum don addininsu ɗaya ko yarensu ɗaya da ma'aikacin, a matsa wa wanda ba nasa ba. A yankunan da zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya yake da rauni, irin wannan son kai yana iya tayar da fitinar da ta fi ƙarfin maganar itace.

Adalci ya haɗa da mutunci. Ma'aikaci ba shi da ikon dukan kowa ko zaginsa. In ya ƙwace kaya, sai ya rubuta abin da ya ƙwace, ya faɗi dokar da aka karya, ya kuma faɗi inda za a je a bi magana.

5. Ya san aikinsa, ya kuma san iyakar saninsa

Shawarar malamin daji tana iya gyara gona, tana iya ɓata ta. Bishiyar turare tana girma da sauri, tana ba da azara mai kyau, amma tana shan ruwa da yawa, don haka ba a dasa ta kusa da rijiya ko cikin fadama. Gawo kuwa yakan zubar da ganyensa da damina ya tofo da rani, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen da ya zuba taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi. Dashen da aka raba a ƙarshen damina yawanci mutuwa yake yi, domin saiwarsa ba ta kama ƙasa ba kafin rani. Wutar da aka sa da wuri, ciyawa tana da sauran danshi, ba ta yin ɓarna kamar wutar watan Fabrairu ko Maris, wadda ke cinye ƙananan itatuwa gaba ɗaya.

Wajibi ne ma'aikaci ya san irin waɗannan abubuwa, ya kuma ci gaba da neman ilimi. In an tambaye shi abin da bai sani ba, ya ce zai tambayo. Ya kuma saurari tsofaffin gari da mata da makiyaya, domin sun san wace bishiya ce ke tofowa bayan sara, wace ce magani, da inda ruwa ke kwanciya.

6. Ya faɗi gaskiya ƙasa da sama

Ga mutanen gari, aikinsa ne ya bayyana doka da harshen da suke ji kafin ya kama kowa da laifin karya ta. Lokacin da aka keɓe yawancin gandun dajinmu, tun zamanin Turawa da na En'e, takardar keɓewar takan lissafa haƙƙoƙin da aka bar wa ƙauyukan da ke kusa, kamar ɗiban busasshen itace, da tsintar 'ya'yan itatuwa, da yankan ciyawar jinka, da bin hanya, da ɗiban ruwa. Haƙƙoƙin sun bambanta daga gandu zuwa gandu. Ma'aikacin da ya san da su ya ɓoye, yana karɓar kuɗi a kan abin da doka ta riga ta halatta, ya ci amana.

Ga shugabanninsa kuma, dole ya iya cewa a'a cikin ladabi. Idan an umarce shi ya ba da izinin da ya san zai lalata daji, sai ya rubuta dalilinsa ya miƙa, ya ajiye kwafi. Wannan shi ne mafi wuya cikin ƙa'idojin duka, domin yana iya jawo masa canjin wurin aiki ko tsaikon ƙarin girma.

Abin da ya faru a Maraɗi

Wani zai ce waɗannan duka maganar takarda ce. To, akwai wurin da aka ga amfaninsu da ido, kuma ba nesa da mu ba ne. Yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar yana tsallaken iyaka ne daga Katsina, mutanensa Hausawa ne manoman gero da dawa kamar yawancinmu.

Tun dokar daji ta Faransawa ta 1935, da dokar da Nijar ta yi a 1974 bayan samun 'yanci, gwamnati ce ke da iko da itatuwa masu muhimmanci irin su gawo, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Ma'aikatan daji suna sa kaki kamar soja, babban aikinsu kamu da cin tara. A wasu ƙasashen yankin, kamar Mali, doka ma ta ba ma'aikaci kaso cikin tarar da ya ci. Sai manomi ya duba ya ga bishiyar da ke gonarsa ba tasa ba ce, sai dai ta jawo masa tara. Saboda haka yakan tumɓuke ta tun tana ƙarama. Dokar da aka yi don tsare itatuwa ita ta sa ake kashe su. Gonaki suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi, har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya.

A 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sharewa a gonaki kowace shekara, irin su sabara da kalgo, toho ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu ke da rai a ƙasa. In an zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran da wuƙa mai kaifi, sai su zama bishiya cikin 'yan shekaru, ba sayen dashe, ba ban ruwa. Mutanen wurin suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. A lokacin yunwar 1984 an haɗa ta da shirin ba da abinci a madadin aiki. Da abincin ya ƙare, da yawa sun koma sun sare itatuwan, amma waɗanda suka bar nasu sun fara ganin amfani.

Abin da ya sa dabarar ta kama shi ne sauyin da aka samu wajen ma'aikatan daji. Jami'an yankin suka yarda su sassauta kamu, manomin da ya reni bishiya a gonarsa ya ci amfaninta ba tare da fargabar tara ba. Sannu a hankali ma'aikaci ya tashi daga mai kamu ya zama mai ba da shawara. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga mutane suka kafa kwamitocin tsaro da kansu, maza da mata da makiyaya, suka yi dokokin hana satar itace. Daga baya doka ta biyo baya: dokar karkara ta 1993, sabuwar dokar daji ta 2004, sannan a 2020 aka yi wata doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya rena.

Masu bincike da suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama, na da da na baya, sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 ne suka dawo a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5, yawanci a yankunan Maraɗi da Damagaram. Manoma suka sami itacen girki da na sayarwa, da abincin dabbobi, da ƙarin amfanin gona. Ba a ƙara yawan masu gadi ba. Manomi ya daina jin tsoron bishiyarsa ne kawai.

Su ma suna da nasu nauyin

Kada mu ɗauka duk malamin daji maci amana ne. Da yawa suna aiki cikin wahala. Mutum ɗaya yakan tsare dajin da ba zai iya zagaye shi cikin mako guda ba, ba babur, ba kuɗin mai, wani lokaci albashi ma ya makara. Wasu gwamnatoci suna kallon daji a matsayin wurin tara kuɗin shiga kawai, suna yaba wa ma'aikacin da ya kawo kuɗi da yawa, ba wanda dajinsa ya cika ba. Ga 'yan katako masu ɗaurin gindi. Ga kuma 'yan bindiga da suka mamaye wasu dazuzzukan, har an kashe masu gadi a bakin aiki. Ma'aikacin da ya tsaya kan gaskiya a irin wannan hali yakan tsaya shi kaɗai. Waɗansunsu 'ya'yanmu ne, tare muke zama a benci ɗaya ranar Lahadi. Suna bukatar mu tsaya tare da su.

Abin da ya wajaba a kanmu

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a karɓar cin hanci sai da mai bayarwa. Ga abubuwan da kowane gari zai iya yi:

• Mu nemi izini kafin mu sare bishiyar da doka ta tsare, mu biya abin da aka yanka, mu karɓi rasit mu adana.

• Mu daina miƙa na goro don a kau da ido. Kada kuma mu matsa wa ɗanmu da ke wannan aiki ya karya doka saboda zumunci.

• Ikilisiya ma mai sayen katako ce. In za mu yi rufin majami'a ko benci ko gidan fasto, kwamitin gini ya tambayi mai katako daga ina ya samo, ya ga takardarsa. Arha ba hujja ba ce.

• Mu gayyaci malamin daji taron gari, ya karanta mana jerin itatuwan da aka hana sara, da kuɗin izini, da haƙƙoƙinmu a gandun da ke kusa. A rubuta a manna a ƙofar mai unguwa. Mu roƙe shi ya zaga da dattawa da matasa su ga alamun iyaka.

• Mu kafa kwamitin kula da itatuwa wanda ya haɗa maza da mata da matasa da makiyaya, da maƙwabtanmu na kowane addini. Daji bai san majami'a ko masallaci ba, in ya ƙare kowa zai ji a jikinsa.

• Kada dagaci ko mai unguwa ya sayar wa baƙo itatuwan gari a ɓoye. Duk yarjejeniya a yi ta a gaban jama'a, a rubuce.

• In ma'aikaci ya yi aikin kirki, mu rubuta wa shugabansa takardar yabo. Ba ta cin kuɗi, tana kuwa iya kare shi ranar da masu ƙarfi suka nemi a ɗauke shi.

Idan ma'aikaci ya saɓa ƙa'ida

Kada mu ɗauki doka a hannunmu, kada kuma mu yi shiru. A rubuta rana da wuri da abin da ya faru da waɗanda suka gani. A faɗi abin da aka tabbatar kawai, domin ƙazafi ma zalunci ne. A fara yi wa ma'aikacin magana ta hannun mai unguwa da kwamiti, wataƙila a gyara a nan. In bai ji ba, a kai takarda ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma ko na shiyya, gari ya sa hannu gaba ɗaya don kada a ware mutum ɗaya a tsangwame shi. Daga nan sai ma'aikatar jiha mai kula da daji. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha, ba a biyan kuɗi kafin ta saurari ƙara. Maganar cin hanci kuwa ana iya kai ta hukumar ICPC, wadda aka kafa a 2000. A kowane mataki a ajiye kwafin takarda.

Tambayoyi domin tattaunawa

Muna roƙon ƙungiyoyin mata da na matasa da na manoma su zauna su duba waɗannan tambayoyi, in da hali tare da malamin dajin yankinsu:

1. Waɗanne itatuwa ne suke da yawa a garinmu shekara ashirin da suka wuce amma yanzu sun yi wuya? Ina suka tafi, wa ya amfana?

2. Mun san sunan malamin dajin yankinmu da inda ofishinsa yake? Yaushe ya yi zama da mu ba don kamu ba?

3. A cikinmu wa ya taɓa biyan kuɗin itace ko gawayi ba a ba shi rasit ba? Me ya hana shi tambaya?

4. Katakon da ke kan rufin majami'armu da gidajenmu, mun san inda aka saro shi?

5. Kututture nawa ne masu toho a gonakinmu da za mu iya bari su girma bana maimakon mu share su?

Lokacin sharar gona ne ya fi dacewa a yi wannan zama, tun gatari bai sauka a kan toho ba. Garin da ya yi nasa zaman ya aiko mana da abin da ya yanke ta hannun ma'aikacinmu na yankin, domin sauran garuruwa su ƙaru da shi.